Darasi: Yadda Za Mu Yi Amfani da Fowil a Motar Akori-kura Lokacin Damina

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi direbobinmu, da ma'aikatan raya karkara, da kwamitocin ikkilisiyoyi waɗanda sukan aiki motar hukuma ko su shiga cikinta. Ko wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba yana da rabo a ciki, gama sau da yawa ba direba ne yake cewa “a tafi” ba. Mu ne da muke zaune a gefensa.

Abin da ya same mu a hanya

A wata damina, cikin watan Agusta, mun ɗauki buhunan taki da gidajen sauro da kwalayen maganin zazzaɓi za mu kai wani ƙauye. Direbanmu saurayi ne, bai daɗe da kama aiki ba. Bayan mun bar kwalta sai muka tarar da fadama ta cinye hanya. Ya shiga yadda yake tafe. Da muka kai tsakiya mota ta fara karkarwa, sai ya jawo sandar fowil, ya taka totur iya ƙarfinsa. Tayoyin baya suka haƙa rami har cikin mota ya zauna a ƙasa. Na gaba kuwa ko motsi ba su yi ba.

Muna tsaye cikin taɓo sai ga wani dattijo a kan keke, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota. Ya duba tayar gaba, ya ce wa direbanmu, “Ɗana, ka kulle ƙafafun gaba kuwa?” Direban ya ce, “Baba, na sa fowil.” Dattijon ya ce, “Ka sa a ciki, ba ka sa a waje ba.”

Sai da samarin ƙauyen suka sauke kaya, suka haƙa, suka tura, kafin mu fita da yamma. Matan da suka zo karɓar gidan sauro tun safe sun riga sun koma gida. Washegari da muka hau kwalta, direban ya bar motar a fowil har cikin gari, don tsoron abin da ya faru jiya. Bayan 'yan makonni sai ga mu a wurin makanike.

Ba mu ba da wannan labari don mu kunyata kowa ba. Laifin namu ne. Mun ba shi makulli, ba mu koya masa ba.

Manufar darasi

A ƙarshen darasin nan muna so kowa ya san abu uku: lokacin da ake sa fowil, lokacin da ake cire shi, da abin da ba zai iya yi mana ba ko an sa shi.

Mene ne fowil?

Akori-kura irin su Toyota Hilux da Land Cruiser, a tafiya ta yau da kullum, tayoyin baya biyu ne kaɗai suke tura su. Na gaba bin hanya kawai suke yi. A bayan akwatin giya akwai wani ƙaramin akwati kuma. In aka sa fowil, wannan ƙaramin akwati yakan raba ƙarfin inji zuwa farfelar gaba da ta baya, sai tayoyi huɗu su ja tare. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, mai fowil kuwa ta fito a 1979.

Ga ma'anar alamun da ke kan ƙaramar sandar giya, ko kan maɓallin da ake juyawa a sababbin motoci. A wasu motoci harafi ne a gaba, kamar H2, H4 da L4, amma ma'anar ɗaya ce.

2H: Tayoyin baya kaɗai. Wannan na kwalta ne da kowace busasshiyar hanya mai ƙarfi.

4H: Tayoyi huɗu, da gudu irin na kullum. Wannan na hanyar burji ce da ruwa ya jiƙa, da taɓo mara zurfi, da tsakuwa mai zamewa, da yashi.

N: Babu tayar da ke samun ƙarfi. Kada a bar mota a nan, musamman a gangara.

4L: Tayoyi huɗu, da ƙarfi mai yawa amma tafiya a hankali. Yakan rage gudun kowace giya wajen ninki biyu zuwa biyu da rabi, ya ƙara ƙarfin ja daidai da haka. Wannan na taɓo mai zurfi ne, da hawan dutse, da gangara mai tsayi, da ƙetare rafi.

Ba a shiga 4L mota tana tafiya. A tsaya cik, a taka kuloci, sannan a ja sanda. In motar mai canza giya da kanta ce, a fara mai da babbar giya zuwa N. Shiga 4H kuwa, motoci da yawa sun yarda da shi ana cikin tafiya, amma ƙa'idarmu ita ce a rage gudu, a miƙe sitiyari, a ɗaga ƙafa daga totur. Kada a taɓa jan sandar sa'ad da tayoyin baya suke juyi a banza. Haƙoran giya ne za su biya.

Makullin ƙafafun gaba

Wannan shi ne abin da dattijon ya tambaya. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser da yawa suna da wani abin murɗawa a tsakiyar kowace tayar gaba, an rubuta FREE a gefe ɗaya, LOCK a ɗaya gefen. In yana FREE, tayar ba ta haɗe da ƙarfen da ke juya ta ba. Ko an ja sandar fowil a ciki, ƙarfin ba zai kai ga tayar ba. Dole direba ya sauka ya murɗa duka biyun zuwa LOCK. In ya kulle ɗaya ya manta ɗaya, daidai yake da bai kulle ba.

Saboda haka da zarar za a bar kwalta a damina, a tsaya a kulle su tun ƙafa tana bushe. Babu illa a yi tafiya da su a kulle sandar tana 2H, sai dai mai zai ɗan ƙara tafiya. Sababbin motoci sukan yi wannan aiki da kansu. A jira fitilar alama ta daina ƙiftawa kafin a shiga wurin.

Don me ba a tafiya da fowil a kan kwalta?

In mota tana shan kwana, tayoyin gaba sukan yi zagaye mai faɗi fiye da na baya, wato tafiyarsu ta fi tsawo. Amma a akori-kura irin tamu, fowil yakan ɗaure farfelar gaba da ta baya su juya daidai wa daida. A cikin taɓo ko yashi babu damuwa, domin taya takan ɗan zame ta sauke bambancin. A busasshiyar kwalta taya ba ta samun zamewa, sai ƙarafan ciki su yi ta murɗewa kamar igiya.

Alamun su ne: sitiyari ya yi nauyi, taya tana kuka a kwana, mota tana tsalle-tsalle in an juya ta a ƙaramin fili, sandar fowil ta ƙi fita. In ta ƙi fita kada a doke ta. A ja da baya a miƙe na 'yan mitoci, ko a sa tayoyin gefe ɗaya a kan ƙasa mai laushi, za ta saki. In aka ci gaba da tafiya haka, tayoyi za su cinye da wuri, wani lokaci kuma farfela ko ƙaramin akwatin giya ya lalace. Kuɗin gyaran nan daga cikin kuɗin aikin jama'a yake fita.

Abin da fowil ba ya yi

Wannan shi ne zuciyar darasin. Fowil yana taimakon mota ta tafi, ba ya taimakonta ta tsaya. Kowace mota, ƙarama ko babba, tana da birki a tayoyi huɗu tun asali. Sa fowil bai ƙara mata birki ko ɗaya ba, bai kuma ƙara wa taya kamun ƙasa ba.

A littafin da ke zuwa tare da mota akwai sashe a kan tuƙi cikin dusar ƙanƙara. Direbobinmu sukan tsallake shi, tun da ba mu da ita a nan. An rubuta shi ne domin ƙasashe irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, inda hanya takan daskare watanni a lokacin sanyi. Amma matsalarsu da tamu ɗaya ce, wato santsi. A can ma masu fowil sukan ruɗu: mota ta tashi lafiya a kan ƙanƙara, sai direba ya ɗauka hanya tana da kyau, ya ƙara wuta, sai a kwana ko wurin tsayawa ya gane ba haka ba ne. Ƙa'idar tuƙi ta ƙasar Ingila tana koyar da cewa a jiƙaƙƙiyar hanya nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya yakan ninka aƙalla sau biyu, a kan ƙanƙara kuwa yana iya kaiwa sau goma. Jiƙaƙƙiyar laka tamu, musamman baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Gamboru a Borno, ta fi jiƙaƙƙiyar kwalta santsi nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu kuma da za mu koya daga gare su. Akori-kura in ba kaya, bayanta ba shi da nauyi, kuma can ne tayoyin da ke turawa suke. Shi ya sa mutanen ƙasashen sanyi sukan ɗora buhunan yashi a baya. Mu ma haɗarinmu ya fi yawa a dawowa, bayan an sauke kaya, kowa yana ɗokin gida. A bar ɗan nauyi daidai saman tayoyin baya, a ɗaure shi kada ya yi yawo.

Har wa yau, sa fowil ba ya nufin dole tayoyi huɗu su ja. A tsakanin kowane tayoyi biyu akwai tulun giya, wanda kanikawa ke kira dif. Aikinsa shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Amma in taya ɗaya ta faɗa santsi ko ta tashi sama, ita ce za ta yi ta juyi, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya. Shi ya sa muke ganin mota a fowil, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna watsa taɓo, ita kuwa ba ta motsa ba. Wasu motoci suna da maɓallin kulle dif na baya. Na fita daga wuri mai wuya ne kawai, a hankali, a miƙe. Da an fita a kashe shi.

A cikin taɓo

1. A tsaya, a sauka, a duba da ƙafa da sanda. A tambayi masu babur da manoman wurin inda ƙasa take da ƙarfi.

2. A sa fowil kafin a shiga, ba bayan an kafe ba. Rigakafi ya fi magani.

3. A zaɓi giya tun daga waje, yawanci ta biyu a 4L, kada a canza a tsakiya. Da an taka kuloci mota za ta rasa ƙarfin tafiyarta.

4. A riƙe totur daidai, ba a fizga ba. In taya ta fara juyi a banza, a rage wuta, a riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu kaɗan kaɗan don gefen taya ya sami abin kamawa.

5. A kula da ramin da manyan motoci suka bari. In ya yi zurfi, cikin motarmu zai hau tudun tsakiya, tayoyi su rataye.

6. Kada a sa manyan yatsu a cikin da'irar sitiyari. In taya ta bugi dutse ko kututture, sitiyarin yakan juyo da ƙarfi.

Hawa da gangara

Waɗanda suka bi hanyar Serti zuwa Gembu a Jihar Taraba sun san hawan Mambila, da kwane-kwanensa, da hazon da kan rufe hanya. Hanyoyin ƙauyukan da ke saman tudun, da na duwatsun Filato, sun fi bukatar 4L.

A hau tudu a miƙe, kada a yanke shi a karkace, gama mota mai kaya ko mutane a baya tana da saurin kifewa. In ta kasa kaiwa sama, kada a yi ƙoƙarin juya ta a jikin tudun. A taka birki, a sa giyar baya, a sauko a miƙe inji yana riƙe da ita.

A gangara a sa 4L da giya ta ɗaya, a bar inji ya riƙe mota. Kada a taka kuloci, kada a cire giya don tsimin mai. Birki mai ƙarfi a kan santsi yakan sa taya ta daina juyi, kuma tayar da ba ta juyi ba ta jin sitiyari.

Ƙetare ruwa

A nan ne ake rasa rai, ba kaya kawai ba. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana gargaɗi cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana iya ka da babban mutum, na santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa yana iya kwashe akori-kura. Santimita 60 bai wuce saman gwiwar babban mutum da kaɗan ba. Da ruwa ya fara ɗaga mota, tayoyi sun bar ƙasa, fowil ba shi da sauran amfani.

Ƙa'idarmu ke nan: ruwan da mutum ba zai iya ratsawa da ƙafa cikin natsuwa ba, mota ba za ta shiga ba. Ba a ƙetare rafi da dare. Ba a hawa kwalbatin da ruwa ya rufe, domin ba a ganin ko gefensa ya zube. Rafukan da ke saukowa daga duwatsu sukan cika farat ɗaya, su kuma janye bayan 'yan sa'o'i. Jira ba asara ba ne.

In ruwan a kwance yake kuma mara zurfi, a sauke gilasai, a shiga da 4L a hankali, kada a tsaya a tsakiya. Kowane direba ya san inda injinsa ke shaƙar iska. In ruwa ya shiga ta nan, injin zai tsaya, kuma yana iya lanƙwasa ƙarafan ciki, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In mota ta mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da ita. A jawo ta waje a kira makanike. Bayan an haye, a yi 'yar tafiya ana taɓa birki a hankali har ya bushe.

In mota ta kafe

A ɗaga ƙafa daga totur nan da nan. Kowane juyin banza rami yake ƙarawa. A fara gwada komawa baya ta inda aka shigo. In bai yiwu ba, a sauke mutane da kaya, a haƙe taɓon da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin mota, a ɗaga da jak a kan faffaɗan katako, a cusa duwatsu ko itace ko ciyawa a ƙarƙashin taya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Rage iskar taya yana faɗaɗa inda take taka ƙasa. Yana taimako a taɓo, ya fi taimako a yashi irin na wajen Yusufari da Machina a Yobe. Ana iya saukowa zuwa wajen 20 a ma'aunin mai faci, a yi tafiya a hankali, a mayar da iska kafin a hau kwalta.

In wata mota za ta ja mu, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don ja, ba a bamba ba, ba kuma a dunƙulen ƙarfen da ake rataya tirela ba. A yafa buhu ko bargo a tsakiyar igiyar, a kori kowa nesa, musamman yara. Igiyar da ta tsinke tana kisa.

Kayan da ba za a tashi ba tare da su ba: shebur, adda, igiya mai ƙarfi, jak da katako, famfon iska da ma'auni, tocila, ruwan sha, akwatin taimakon gaggawa, da waya mai caji.

Kula da mota

Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, cinyewarsu kuma ta yi kusa da juna. Sanƙon taya ba ya kama taɓo ko da fowil. Kamfanin Toyota yana ba da shawara a yi tafiyar kilomita 16 a fowil kowane wata don mai ya zagaya kayan gaba. A yi wannan a hanyar ƙasa, har da rani. Bayan an shiga ruwa mai zurfi a duba man dif. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a canza shi. A wanke taɓon ƙarƙashin mota da na lagireto kafin ya bushe.

Wa zai ce a juya?

Motar nan amana ce. Baikon masu bi ne da gudummawar abokan aiki suka saye ta, ita ce kuma take ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti in dare ya yi. In ta kwanta wata guda a gareji, ƙauyuka da yawa ne suka kwanta tare da ita.

Sau da yawa direba ya san bai kamata a shiga ba, amma yana jin nauyin mai gidansa, ko fasto, ko baƙon da ya zo daga nesa. Sai mu ce masa, “Ai motar tana da fowil.” Mu daina faɗin haka. A kan maganar hanya, ta direba ce ta ƙarshe, kuma ba za a tsauta wa direban da ya juya saboda ruwa ba. Dogara ga Allah ba ta hana mu sauka mu auna rafi da sanda.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne wurare ne a hanyoyin yankinmu mota ta saba kafewa? Wa za a kira a ƙauyen da ya fi kusa?

2. Motarmu tana da makullin ƙafafun gaba? Mutum nawa ne a cikinmu suka iya kulle shi?

3. Mun taɓa matsa wa direba ya shiga inda ba ya so? Me ya biyo baya?

4. Waɗanne kaya ne za mu iya kai wa ƙauyuka tun watan Afrilu ko Mayu, kafin hanya ta lalace?

5. Ta yaya ikkilisiya da sauran jama'ar gari za su yi aikin gayya su zuba duwatsu a wurare masu wuya?

Aikin yi

Kafin fitowa ta gaba, kowane ofishin yanki ya keɓe rana ɗaya. A fita da mota zuwa fili mai ƙasa, tsohon direba ya nuna, kowane direba ya kulle ƙafafun gaba da hannunsa, ya shiga 4H da 4L, ya fita daga cikinsu. A duba kayan da muka lissafa, a rubuta abin da babu, a aiko wa ofishi.

Mu riƙa tunawa da direbobinmu cikin addu'a a wannan damina. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da komowarmu. Amin.